Jiniyar da ta ƙi yin shiru: batirin alarm da aikin kuran a wani gida a Damagaram

Wannan lamari a wani gida ya faru nan Damagaram, wajen Tudun Jamus, cikin bazarar da ta wuce, kuma sai da na nemi izinin mai gidan kafin in rubuta, da sharaɗin ba zan kama sunan kowa ba. Sana'ata ke nan, alarm da kamara da haɗin sola. Abin da ya sa na ga ya kamata in baje shi dalla-dalla shi ne yanzu duk unguwar da ka shiga, Birni ne ko Zango ko Sabon Gari ko Karkada, sai ka tarar ana fasa tsohon tablo, wato akwatin da ke raba wutar gida, ana sa pano na sola da ondilar, na'urar da ke juya wutar batiri ta zama irin ta gari, kuma cikin gidajen nan akwai masu alarm da aka girka shekara biyar shida baya, tun ranar da mai girkawa ya rufe akwatin ya tafi ba wanda ya ƙara buɗe shi.

Mai gidan ɗan kasuwa ne, Alhaji, rabin rayuwarsa bisa hanyar Matamai zuwa Kano take, gida sai Hajiya da yara da wani dattijo maigadi. A 2019 aka haura masa katanga aka kwashe kaya a falo, shi ne ya sa aka girka masa alarm mai waya. Akwai santiral, wato uwar akwatin da komai yake komawa gare ta, da detektar na motsi guda shida, da maganaɗisu a ƙofofi uku, da kilabiye na danna lambobi kusa da ƙofar falo, da ɗan akwati mai pus da ke kiran salular Alhaji in wani abu ya taɓa, sai jiniya biyu, ƙarama a ciki babba a waje saman bangon garaji. Aiki ne mai kyau gaskiya, wayoyin a jere, ba zan ci amanar wanda ya yi shi ba. Sai dai santiral ɗin a magaza aka kafa shi, ɗaki mai rufin kwano ba silin, bangon yana kallon yamma, kuma mai girkawar tuni ya bar gari, lambarsa ma ba ta shiga.

Cikin Afrilu Alhaji ya gaji da zafi da ɗaukewar kuran ya yanke shawarar sa sola, kuma da yake tsohon tablon gidan duk ya hargitse, an yi ta ƙara layi bisa layi, sai aka ce a sake shi gaba ɗaya a raba gidan biyu, fitilu da fanka da firigo da tele a ɓangaren ondilar, kilim da abin dumama ruwa da piriz ɗin kicin da na garaji a bar su bisa kuran na gari kaɗai. Mai gyaran wutar da aka ɗauko ƙwararre ne, na san aikinsa, ya zo da yaran aikinsa biyu. Da safe wajen ƙarfe 8 ya sauke babban disjonktar, wato maɓallin da ke yanke wutar gida gaba ɗaya, na bayan kontar, kamar yadda ya kamata kowane mai hankali ya yi kafin ya sa hannu a tablo. Nan take kilabiye ya fara ƴar ƙara, tit tit. Hajiya ta leƙo ta ce “Malam, wannan abin na kuka fa.” Ya ce “Ba komai Hajiya, ai yana da batiri a ciki, zai riƙe har mu gama.”

Bai yi ƙarya ba, batiri na ciki. Abin da bai sani ba, kuma ba wanda ya sani a gidan, shi ne yadda batirin yake.

Ba a cika minti 40 ba jiniyar waje ta ɓarke. Hajiya ta ruga ta danna kod, kilabiye ya mutu murus ko fitila babu, to ina kod zai shiga. Nan ne mutane da yawa ke rikicewa, suna cewa ta yaya abin da ba shi da wuta yake ihu. Jiniyar waje irin wannan tana da nata ƙaramin batiri a cikinta, kuma yadda aka ƙera ta, wutar da santiral ke aiko mata bolt 12 da ɗoriya ita ce ke riƙe bakinta, tana cajin ta kuma tana ce mata ki yi shiru lafiya lau. Duk lokacin da wannan wuta ta yanke, ko santiral ya mutu ko an datse waya, jiniya ba ta da hanyar sanin dalili, sai ta ɗauka ɓarawo ne ya yanke, ta fara ihu da nata batirin. Da gangan aka yi ta haka. In ba haka ba ai ɓarawo filaya ɗaya ta ishe shi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tayar mini da hankali da aka ba ni labari. Don a samu shiru, mai gyaran ya je ya mayar da babban disjonktar, santiral ya farfaɗo, Hajiya ta sa kod, jiniya ta yi shiru, sannan ya sake saukewa suka ci gaba, bayan ɗan lokaci kuma abin ya dawo, wannan karon ma ya fi sauri don batirin bai samu wani caji ba. Haka aka yi ta yi, a kunna a kashe, alhali tablo a buɗe, wayoyi tsirara suna reto, yaro ɗaya hannunsa a ciki. Bolt 220 ba ta san ana sauri ba. A sau na ƙarshe yaron ya ce ya ji tsiii a yatsa don ba a sanar da shi za a mayar ba, Allah ne ya kiyaye kawai, takalmin roba ne a ƙafarsa kuma ƙasa a bushe. Ni a wurina babu jiniyar da ta kai a mayar da kuran bisa tablon da mutum ke aiki a ciki, ta yi ta ihu har ta gaji, yawancinsu ma suna da lokacin da suke yankewa da kansu, wasu minti 3 wasu har 15.

Daga nan ɗaya yaron ya hau tsani ya datse wayar jiniyar, yana zaton ya kashe ta, ita kuwa abin da aka gina ta a kai ke nan, ta ƙara ɓarkewa. Sai da ya kwance murfin ya zare batirin cikinta sannan unguwa ta huta. Aiki ya ɗauke su kwana uku, kuma darare biyun da ke tsakani gidan ba alarm ko kaɗan, ga pano da batiran sola sababbi jibge a tsakar gida, duk wanda ya wuce ya ga an sauke su daga mota, Alhaji kuma yana Kano bai ma san an kashe ba.

Da suka gama suka haɗa komai, suka ɗaure wayar jiniya da sikoc suka mayar da batirinta, kilabiye ya kama, kowa ya ce alhamdu lillahi. Dare na biyu bayan nan wajen ƙarfe 2 aka ɗauke kuran a unguwa, gidan Alhaji kuwa fitilu na ci, fanka na juyawa, sola ya karɓa yadda ake so. Can sai jiniya. Wannan ne ya sa Alhaji da ya dawo ya kira ni, ransa a ɓace, ya ce “Malam, na kashe kuɗi na sa sola, gida da wuta, abin nan kuma yana mini ihu tsakar dare, ko dai masu solar nan sun ƙona mini shi ne?”

Da na buɗe santiral abu na farko da na gani batirin ne, irin na dalma rufaffe mai bolt 12 amper-awa 7 (amper-awa shi ne ma'aunin yawan cajin da batiri ke ɗauka), wanda kusan kowane alarm mai waya shi yake ɗauka, an rubuta 2019 da maka a jikinsa, gefensa ya kumbura har murfin akwatin ya fara dannuwa, ƙafa ɗaya ta yi farin gari. Na sa miltimetir, na'urar auna wuta, yana haɗe da caja, bolt 13.7, caja lafiyarsa lau. Na cire shi na auna shi shi kaɗai, 12.4. Alhaji na tsaye ya ce to ai ga shi nan da wuta. Na ce Alhaji dakata ka gani. Na ɗauko ampul ɗin mota mai wat 21 da nake yawo da shi cikin jaka na jona masa, ampul ya kama da haske, kafin minti ɗaya ya koma ja, miltimetir ya gangaro ƙasa da 9. Tsohon batiri kamar randa ce da laka ta cika, ka leƙa ka ga ruwa har baki, ka sa moɗa biyu ka tarar da ƙasa. Shi ya sa auna bolt kawai ba gwaji ba ne, sai an ɗora masa kaya an ga ko zai ɗauka.

Sannan na auna abin da alarm ɗin gaba ɗaya yake ja in yana zaune shiru, santiral da kilabiye da detektar shida da akwatin pus, ya ba ni wajen miliamper 380, wato amper 0.38. Lissafin ba wuya, 7 a raba da 0.38 ya haura awa 18 a takarda, a zahiri ba a tatse batirin dalma har ƙarshe don haka ka ce awa 14 ko kusa. Ƙa'idar Turai ta alarm, EN 50131, ga irin na gidaje mataki na 2, awa 12 take nema batiri ya riƙe in ba kuran. Ma'ana da batirin nan lafiyayye ne da aikin yini ɗaya daga safe zuwa magariba bai dame shi ba, maganar mai gyaran wuta da ta zama gaskiya. Shi kuwa wannan minti 40 ya yi, kashi ɗaya cikin ashirin na ƙarfinsa ke nan ko ƙasa da haka.

Me ya kashe shi? Shekaru dai na farko, masu ƙera irin batiran nan shekara 3 zuwa 5 suke ba su, kuma wannan lissafi a yanayin digiri 20 zuwa 25 aka yi shi. A takardunsu da kansu suna rubuta cewa duk ƙarin digiri 10 sama da haka yana raba kwanan batiri biyu. To mu nan Afrilu da Mayu a inuwa ma ana haura 40, balle magaza mai kwano da rana ta yamma ke duka, balle cikin akwatin ƙarfe da tiransifo, mai rage ƙarfin kuran, ke ƙara masa ɗumi. Da la'asar na buɗe akwatin nan, bayan hannu ba ya jure murfin. Batirin da a Faransa zai yi shekara biyar, a irin wannan ɗaki in ya yi biyu ya yi ƙoƙari.

Na biyu kuma, an ƙera shi ne don ya zauna cike yana jira, a ɗauke wuta jefi-jefi ya riƙe a dawo ya cika. Mu ba haka muke ba. Damagaram da Maraɗi babban layinmu mai bolt dubu 132 daga Katsina yake zuwa ta Gazawa, kuma kowa ya tuna farkon Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, ba ta dawo ba sai Maris 2024 bayan an ɗage takunkumin CEDEAO. Watannin nan unguwa-unguwa ake rabon kuran. Batirin alarm kullum sai ya sauka, kuran ya dawo na ɗan lokaci cajan santiral kuma ɗan ƙarami ne, a hankali yake cikawa, kafin ya cika an sake ɗaukewa. Batirin dalma in ya sauka ƙasa da bolt 10.5 ko ya daɗe ba a cike ba, wani gishiri yana daskarewa bisa farantansa wanda caji ba ya narkar da shi kuma, kowane zagaye yana cin wani abu daga ƙarfinsa. Na tabbata a watannin nan ne wannan batiri ya gama, abin da ya rage sunan batiri ne kawai.

Kuma alarm ɗin bai ɓoye ba. Akwai ƴar fitila ruwan ɗorawa a kilabiye, Baba maigadi ya ce ta fi shekara tana ci, su sun ɗauka alamar an ɗauke wuta ce ta maƙale. Da na shiga tarihin da santiral ke ajiyewa, saƙon raunin batiri ne jere bisa jere. Ya kamata a ce ya aika wa Alhaji a salula, amma pus ɗin da ke ciki an daɗe ba a sa masa kiredi ba har layin ya rufe, wato ko da ɓarawo ne ya shigo ba kiran da zai fita. Alhaji ya yi shiru da na nuna masa wannan, don shi duk tafiyar da yake yi hankalinsa a kwance yake cewa waya za ta kira shi.

Saura tambayarsa, me ya sa ihu alhali gida da wuta. Na bi wayar da ke ciyar da tiransifon santiral, sai na tarar ba ta da nata disjonktar, daga bayan piriz ɗin garaji aka jawo ta tun 2019, ba rubutu ba alama. Garaji kuwa a sabon tablo yana ɓangaren da ba ya kan ondilar, don can ake jona injin walda da famfon ruwa wani lokaci. Saboda haka in an ɗauke kuran duk gida na haske, alarm shi kaɗai yana cikin duhu bisa mataccen batiri. Masu sola ba su ƙona komai ba.

Nan gardama ta tashi, don an kira mai gyaran wutar ya zo. Alhaji ya ce shi ya kamata ya duba. Shi kuma ya ce “Alhaji, ni kuran aka kira ni in yi, akwatin nan ko makullinsa ba a ba ni ba, in na buɗe ma ihu zai yi.” Kuma gaskiyarsa, murfin santiral da na jiniya da na kowace detektar suna da ɗan maɓalli a ciki, ka buɗe ba tare da an sa na'urar a yanayin gyara ba sai ta ɗauka ɓarna ce, ko alarm na kashe ko yana kunne. Yanayin gyaran kuma ba kod ɗin Hajiya ke buɗe shi ba, akwai kod na mai girkawa daban. Ni ra'ayina, kuma na faɗa a gabansu, mutuwar batiri ba laifinsa ba ne, wayar da aka ɓoye bayan piriz ma ba laifinsa ba ne. Inda nake ganin ya gaza shi ne da kilabiye ya fara ƙara da safe ya ba da tabbaci a kan abin da bai auna ba, da kuma mayar da kuran yaro na cikin tablo. Alhaji kuma nasa shi ne shekara da shekaru mota na zuwa bidanj, kilim ana wanke shi, abin da ke gadin gidan gaba ɗaya ba a taɓa kiran kowa ya leƙa shi ba. Duka biyun sun karɓa, ba a rabu da ɓacin rai ba.

Maganar kod ɗin mai girkawa, na duba littafin na'urar na gwada lambar da take fitowa da ita daga masana'anta, sai ta buɗe. Ranar ta taimake mu, amma ba abin murna ba ne, don littafin nan yana intanet kowa na iya saukewa, duk wanda ya kai ga kilabiye ya san irin na'urar zai iya shiga ya kashe abin da ya ga dama. Na canza shi na rubuta wa Alhaji a takarda ya ajiye tare da takardun gida. Wasu abokan sana'a ba sa son haka, sun fi so kod ya zauna a hannunsu don a riƙa neman su. Ni ban yarda ba, kayan mutum ne ya saya da kuɗinsa, kuma mu masu sana'a muna tafiya, muna canza lamba, muna mutuwa.

Alhaji ya kawo shawara, ya ce tunda ƙaramin batiri ne ke ba da wahala me zai hana a sa na mota babba, ko a jona alarm kai tsaye da batiran sola. Na ce a'a ga duka biyun. Cajan santiral an yi shi ne daidai ƙaramin batiri, ka ɗora masa na mota in ya sauka kwana da kwanaki ba zai cika shi ba kuma cajan ne zai yi ta zafi, ga shi batirin mota mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta, ba a kulle shi a ɗaki kusa da abin da ke tartsatsi. Batiran solarsa kuma bolt 48 aka haɗa, santiral 12 yake ci. Na babur ma da wasu ke sawa don ya shiga akwatin, na tayar da inji ne, ba a yi shi don ya zauna yana ba da wuta a hankali awa goma ba.

Abin da muka yi ba shi da yawa. Na sa santiral a yanayin gyara, na kashe kuran ɗinsa, na cire tsohon batiri. Mai gyaran wuta ya ja sabuwar waya daga ɓangaren ondilar da ɗan disjonktar nata ita kaɗai mai amper 2, aka rubuta ALARM a ƙarƙashinsa da manyan baƙaƙe. Na duba ondilar ɗin na tabbatar mai fitar da wuta tsantsa ce irin ta gari, don masu arahar nan da wutarsu ke da kaifi suna sa ƙaramin tiransifo gurnani da zafi. Santiral ɗin muka ciro shi daga magaza muka mayar cikin koridon gida inda akwai silin da iska, wannan ne ma ya fi cin lokaci don sai da aka ƙara tsawon wayoyin detektar ɗaya bayan ɗaya. Sabon batiri, ja a kan alamar tarawa baƙi a kan ta ɗebewa, a nan ba a kuskure don juya su kan ƙona fizibil, ƴar wayar kariya da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, ko abin da ya fi fizibil. Batirin jiniyar waje ma na canza shi, rana ta gasa shi shekara da shekaru, kuma wayar da aka ɗaure da sikoc na sake ta gaba ɗaya don damina na zuwa. Aka sa sabon pus, na ce Hajiya ta ajiye lambarsa a salularta ta riƙa tura masa kiredi duk wata.

Wajen sayen batiri ma akwai abin lura, don sabo a kwali ba lallai sabo ba ne. Batirin dalma yana zubar da caji ko ba a taɓa shi ba, a zafi kuma ya fi sauri, wanda ya yi shekara bisa kanta a kasuwa ya riga ya fara lalacewa. Ni da miltimetir nake zuwa, in bai nuna 12.6 ko sama ba ba na ɗauka, ina duba kwanan watan da aka buga a jikinsa, sannan in ɗaga shi a hannu. Na gaskiya mai amper-awa 7 ya haura kilo 2, in ka ji shi sakayau to dalmar cikinsa ba ta kai abin da aka rubuta ba.

Bayan batirin ya kwana yana caji muka yi gwajin da ya kamata a ce an yi kafin a fara aikin tablo. Da safe aka sauke disjonktar ɗin alarm shi kaɗai, saƙo ya shigo salular Alhaji cewa kuran ya yanke, muka bar shi haka har bayan isha'i, na dawo na auna yana sama da bolt 12, jiniya ba ta ce uffan ba. Da a ce an yi wannan kwana biyu kafin masu aiki su zo, ko da na awa ɗaya ne da rana, da tun a lokacin za a gane, a canza batiri, in kuma aikin zai wuce yini a shirya yadda za a yi, ko a ja wa santiral wuta ta wucin gadi daga gurup ko ƙaramar ondilar nesa da tablon da ake aiki, ko a sa shi a yanayin gyara a kashe shi da tsari, jiniya tukuna sannan kuran sannan batiri, maigadi kuma ya san daren nan idonsa ne kaɗai. Kuma in mai gyara zai gwada wayoyin gida da na'urar nan mai tura bolt 500 don duba ko rufinsu ya huje, a cire alarm daga layi tukuna, ba ya ɗaukar wannan.

Akwai abin da batiri bai gyara ba. Na tambayi Baba maigadi, ranar da jiniya ta yi ta ihu da safe da kuma daren nan, wa ya fito daga maƙwabta. Ya ce “Yaro, ba kowa, sai yara da suka taru a ƙofa da safe. Farkon sa ta in ta yi kuka har da masu sanda ake fitowa. Tun lokacin wahalar kuran take yi in wuta ta daɗe ba ta dawo ba, mutane sun saba, cewa suke ta gidan Alhaji ce, kuran ne.” Wannan ya fi komai damuna a lamarin, don a garin nan jiniya ba komisariya take kira ba, maƙwabci take kira. Na ce wa Alhaji ya bi gidajen da ke kewaye da shi da kansa, ya ba su haƙurin hana su barci, ya gaya musu an gyara, daga yau in sun ji ta to su ɗauka da gaske ne. Ya yi hakan bayan sallar magariba a masallacin unguwa, liman ma ya ƙara masa da cewa duk mai irin na'urar ya duba tasa.

Tsofaffin batiran biyu ban bar su a gidan ba, don na ga yara sun fara zagaya su, kuma an san yadda ake fasa su a ciro dalma. A Thiaroye, gefen Dakar, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka rasu sanadiyyar gubar dalma daga fasa tsofaffin batura a cikin unguwa. Na sa su a leda na kai wa masu sayen tsofaffin batura a rufe yadda suke. A jikin sabon na rubuta wata da shekara, na kuma rubuta a cikin murfin tablo cewa a gwada shi da ampul duk farkon Maris kafin zafi ya shigo, a canza shi in ya cika shekara biyu ko da ya ci gwajin.